Zoben Hon na Motar Baba Yohanna

Ku masu turo min saƙo kullum, "Oga Shamsu ina son shiga harkar tsofaffin motoci, ta ina zan fara?", bari in amsa muku gaba ɗaya, don babban yatsana ya gaji. Kun ga sitiyari yana ƙyalli a sitatus ɗina, kun ɗauka tsumma ne da man gogewa, sai hoto. Wani ma shekaranjiya cewa ya yi, "Ai wannan ba aiki ba ne, a waya kake oda ka zo ka ɗaura." To madalla. Karanta wannan tukuna, in datarka za ta kai.

Shekarata goma sha biyu a ciki. Ni ba bakanike ba ne, ba na taɓa inji. Ba na fenti, ba na bugun bodi. Abin da hannun direba ke taɓawa shi ne nawa: sitiyari, murfin tsakiyarsa, zoben hon, katakon dashbod, kan giya. Motocin da nake wa aiki duk sun girme ni, wasu sun kusa sa'ar babana. An daɗe da daina yin kayansu. Wato duk ƙaramin abin da ya karye a hannunka, sai ka je ka ciro shi daga jikin wata gawar mota da ke kwance a wani wurin da kai ma ba ka sani ba tukuna.

Sitiyarin farko da na lalata na wani likita ne. Lokacin ina wata na huɗu a hannun Oga Danladi, mutumin Karu, a wata rumfar kwano can bayan Apo. Ya fita cin abinci, ni kuma ina son in burge shi. Na sa sukundireba a gefen murfin tsakiya na ɗaga. Sai na ji ƙas. Ƙananan haƙora uku ne ke riƙe murfin ta ciki, robar kuwa ta sha rana shekara arba'in, ta bushe kamar biskit. Biyu suka tafi. Da Oga ya dawo bai yi ihu ba. Ya juya murfin, ya duba, ya ce, "Kai ka fasa, kai za ka nemo." Sati biyar ina yawo, Zuba, Dei-Dei, Mararaba, har Kaduna. Tun daga ranar ƙarfe bai ƙara taɓa tsohuwar roba a hannuna ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Wuƙaƙen roba na ɗaga murfi. Diraya irin ta masu gyaran gashi, don a ɗumama roba kafin a taɓa ta. Gam mai haɗi biyu, sanfefa daga mai kaushi har mai laushi kamar takarda, allurar dukanci da zare mai kaki, da tsohon buroshin haƙori. Idan sitiyari ya tsage, ba cikawa za ka fara ba. Sai ka ƙara buɗe tsagar da ɗan zarto, in ba haka ba gam ɗin ba zai kama ba. Ka cika, ka jira, ka goge da ruwa, ka sake cikawa. Tsaga ɗaya tana cin kwana uku. Akwai sitiyarin da ya zo min da tsaga goma sha bakwai, fatar yatsuna sai da ta ƙare, wayata ma ta daina gane babban yatsana.

Akwai wani gaye a Gwarinpa da ya kawo motar kakansa don hoton biki. Na yi wata guda ina dawo da sitiyarin yadda yake. Ranar da ya zo ɗauka ya buɗe leda ya fito da rigar sitiyari mai gashi-gashi, ya ce, "Oga sa min wannan a kai, ya fi kyau a bidiyo." Na sa masa. Motarsa ce. Irinsu sun fi yawa, kuma ba na ƙorafi, su ke ciyar da mu. Amma cikin ashirin za ka samu ɗaya da ya san kowane sukuru na motarsa, kuma wannan ɗayan ne zai nuna ko kai waye.

Duk abin da na lissafa rabin aikin ne. Ɗaya rabin kasuwa ce, panteka, inda ake tara matattun motoci ana farke su. Can ma da nasa karatun, kuma Oga Danladi ya koya min shi kamar yadda aka koya masa. "Idan ka ga abin da kake nema, kar ka kalle shi sau biyu. Kar ka taɓa. Kar ka fito da waya. Tambayi taya, tambayi fitila. Kushe motar gaba ɗaya, ka tafi. Gobe ka dawo kamar hanya ce ta biyo da kai." Ba maganar tsada ba ce kawai. Mai panteka in ya ga idonka ya tsaya a kan abu, shi ke nan ya zama zinare. Zai cire ya ɓoye a ƙarƙashin tabarmar sallarsa, ya kira surukinsa a Legas ya tambaya, wani ya ce masa Turawa na nema, kai kuma ba za ka ƙara ganinsa ba har abada. Su ma suna da nasu. "Wani ya riga ka." "Gobe za a yanka ta." Kowa ya san ba gaskiya ba ne, kowa yana murmushi. Shekara goma ina wannan wasan, bai taɓa cin amanata ba.

Sai shekarar da ƙarfe ya yi daraja. Masu narka ƙarfe suka fara aiko tireloli suna saye a kilo, ba ruwansu da ko motar wace iri ce. Gawarwakin da suka yi shekara ashirin a kwance ciyawa na fitowa ta tagoginsu, cikin wata biyu uku aka bi su da wutar gas. Ka je filin da ka sani da motoci hamsin, ka tarar da baƙin tabon mai a ƙasa kawai. Kayan waje kuma dala ta hana. A shekarar Oga Danladi ya miƙa min mukullin rumfa ya ce zai koma gida ya noma doya. Na ce, "Oga da sauran aiki fa." Ya nuna min wani bene da ake ginawa a tsallaken titi, rodi sun fito ta samansa, ya ce, "Ga motocinmu can."

Cikin wannan shekarar Anti Saratu ta kira ni. Nas ce, tana zaune a Karu tare da mahaifinta, Baba Yohanna. Wani mai fenti ne ya ba ta lambata. Motar 'yar Jamus ce mai ƙofa huɗu, irin mai dogon hanci ɗin nan ta zamanin da. Baba direban wani babban ma'aikaci ne shekara da shekaru, da mutumin zai bar aiki ya bar masa motar. Ya ci gaba da tuƙa ta har ciwon suga ya cinye masa ido. Daga nan ta kwanta a gindin mangwaro shekara goma sha tara, 'yan bola jari suna tsallako katanga suna tsintar abin da ya ciru. Anti Saratu ta yi shekara biyu tana tayar da ita kaɗan-kaɗan. Inji ya tashi, an buga bodi, an yi fenti, an ɗinka kujeru. Saura abu ɗaya. A cikin sitiyarin irin motar akwai wani zobe na ƙarfe mai ƙyalli, zagaye, duk inda ka taɓa shi hon zai yi kuka. Shi ne babu. Sai rami da wayoyi biyu.

Na tarar da Baba a kujerar roba a baranda, ƙafafunsa a kumbure cikin silifa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya laluba ya kama hannuna, ya shafa yatsuna, ya ce, "Wannan mai aiki ne. Saratu, ba shi kujera."

Ya ce, "Yarona, ka san zoben da nake magana?"

Na ce, "Na sani Baba."

"Ba ka sani ba. Cikakke ne, ba rabi ba. Masu rabi daga baya suka zo. Ta ƙasansa yana da ɗan kwari, yatsa yana kwanciya a ciki. Kuma ba a danna shi kamar na 'yan tasi. Da ƙaramin yatsa nake taɓawa, hannuna bai bar sitiyari ba. Ogana yana baya yana karanta jarida, ko motsina ba ya gani." Ya ɗaga hannu a iska ya nuna min. "Motan nan shi ya kai Saratu makaranta. Shi ya kai mamansu asibiti ranar ƙarshe."

Da ta rako ni bakin get Anti Saratu ta ce, "Shamsu, ni nas ce, ba na yaudarar kaina. Wankin ƙoda sau biyu a sati muke yi. Ban san ko zai kai Kirsimeti ba. Ba tuƙi zai yi ba, zama kawai zai yi ya riƙe sitiyarinsa. Kullum na dawo aiki ina ba shi labarin inda aka kai, shi ke sa shi cin abinci. Ka nemo min na asali. Ko nawa ne, ko a ina yake."

Na ce, "Anti ki ɗauka an gama."

Wata biyu ban samu ba. Na tura a duk guruf ɗin da nake ciki. Na je Kaduna, na je Jos, na sa wani abokina ya zaga min Legas. Mun yi oda ɗaya daga waje, ga ku masu cewa a waya ake yi. Sati shida muna jira, da ya iso mai rabi ne, ramukan sukurunsa ma ba su dace ba. Kowace Lahadi Anti za ta turo min kalma ɗaya: "Yaya?" Ni kuma in tura, "Muna kai."

Wata Laraba wani direban janwe, motar jan matattun motoci, da nake saya wa shayi ya kira ni, ya ce ya ga irin motar a wani fili bayan kasuwar lemo ta Zuba, wajen wani Bakatsine, Malam Sabi'u. Na bar abin da nake yi na hau mota. Na ratsa ta cikin tarin ruɓaɓɓen lemo da kankana, ƙuda kamar za su ɗauke ni. Filin ya kusa zama wayam, motoci shida bakwai suka rage. Tana can ƙarshe jikin katanga, babu taya, babu ƙofar gaba, kaji suna kwana a ciki. Na wuce ta gefenta kamar zan je fitsari. Kallo ɗaya na yi. Zoben yana nan. Cikakke. Ƙura ta rufe shi, amma ko lanƙwasa babu.

Na dawo wajen Malam Sabi'u, yana zaune a kan wata kujerar mota da aka cire yana ɓare gyaɗa.

Ya ce, "Ɗan birni, me aka zo yi mana wayo a kai yau?"

Na ce, "Haba Malam, fitilar baya nake nema ta wata 'yar Japan."

"Babu. An kwashe. Ka leƙa waccan tsohuwar, ko akwai abin da zai yi maka."

Na yi dariya. "Wancan akurkin? Malam ai ko kyauta ka ba ni sai ka haɗa min da kuɗin janwe."

Ya watsa ɓawon gyaɗa ya ce, "To ni dai na faɗa maka. Gobe da safe masu yanka za su zo, filin gaba ɗaya na sayar. Gida zan koma. In akwai abin da kake so ka cire yanzu, ka ba ni na goro."

Na ce a raina, tsohon nan ya iya wasa. Har da gida zan koma. Na ce masa, "Allah ya kai mu goben, Malam. In hanya ta biyo da ni zan leƙo." Ya ce, "Ka ji da shi." Na tafi ban waiwaya ba. Ko hoto ban ɗauka ba, don fito da waya ma nuna so ne.

Ina cikin bas wajen Kubwa na kira Anti Saratu na ce, "Anti an samu! Na asali, cikakke, na gan shi da idona. Gobe yana hannuna." Na ji tana ihu tana kiran Baba tun ban kashe ba.

Washegari da gangan ban yi sammako ba. Wanda ya zo da sassafe ya nuna ya kwana da abin a ransa. Na bari sai wajen sha ɗaya na taso, ga go-sulo a hanya. Tun daga bakin kasuwar lemo na hango baƙin hayaƙi. Da na shiga filin babu mota ko ɗaya. Tirela tana tsaye an kusa cika ta da gunduwa-gunduwan bodi, wasu ƙarti uku suna naɗe tiyon gas. A tsakiyar fili sun tara kujeru da tayoyi da sitiyaroyi sun cinna wuta. Haka suke yi, su ƙone roba da soso don ƙarfen ciki ya fito a auna.

Na samu sanda na shiga tonon tokar, ƙartin suna min dariya. Na gane ƙashin sitiyarin da siffar ƙafafunsa. Zoben ba baƙin ƙarfe ba ne, wani farin ƙarfe ne mai laushi da ake shafa wa ƙyalli a sama, ba ya jure wuta. Ya narke ya zuba a ƙasa ya daskare, kamar an zubar da kunu.

Malam Sabi'u ya zo ya tsaya a kaina da butarsa. Ya kalli abin, ya kalle ni. Ya ce, "Dama shi kake so?"

Na ci gaba da tonon tokar da sandar.

"Kai yaro. Na ce maka ka cire. Da bakina na ce maka."

Na ce, "Malam ai kullum haka kuke cewa."

Ya ce, "Da muna cewa. Yanzu yankawa ake yi."

Ban kira ta a waya ba, na je asibitin da take aiki na jira ta fito. Na faɗa mata komai, har da maganar akurki. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa tana kallona.

"Ka gan shi. Mutumin ya ce ka cire. Ka bar shi."

"Anti haka ake yi a kasuwar. In ka nuna kana so..."

"Na taɓa ce maka ka rage min wani abu? Ban ce maka ko nawa ne ba?"

"Kin ce."

"Jiya ya cinye tuwo malmala biyu. Rabonsa da haka tun Ista. Ya sa na fito masa da hularsa ta aiki na wanke." Ta juya kamar za ta tafi, ta dawo. "Yanzu me zan ce masa?"

Ni na kawo shawarar, ba ita ba, gara in faɗa. Na ce zan iya ƙera wani. Na san awonsa, akwai hotuna a intanet, ga mai rabin da ke hannunmu zan kwaikwayi kaurinsa. Na ce ba wanda zai gane. Ta ce, "Kwana nawa?"

Kwana tara. Na je wajen wani mai walda a Dei-Dei da ke yin ƙarfen matakalar bene, irin farin da ba ya tsatsa. Muka lanƙwasa sanda a jikin wani tsohon wili, sau huɗu muna zubarwa kafin zagayen ya fito daidai. Ya haɗa bakin da walda, na karɓa na koma rumfa. Na fafe kwarin ƙasan da zarto, kaɗan-kaɗan, ina gwadawa da ƙaramin yatsana. Na goge wajen haɗin har ni kaina sai na juya shi a rana nake ganewa. Na ɗaura, na haɗa waya, na taɓa, hon ya yi kuka. Maganar gaskiya, a duk shekarun nan ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Duk kwana taran Anti tana ce wa Baba ana wanke zoben Zuba ne, tsatsa ta kama shi.

Ranar Lahadi bayan an taso coci muka yi. An turo motar tsakiyar gida, maƙwabta sun taru, wata mata har da kawo zobo a kula. Maza biyu suka ɗauko Baba, farar riga, hular aiki a kansa. Suka zaunar da shi, na gyara masa ƙafafu. Ya ja numfashi yana shinshina kujerun. Ya laluba ya kama sitiyarin ta sama, hannu biyu, ya gyara zama, bayansa ya miƙe. Ya ce, "Yawwa." Mutane suka yi tafi.

Sai ƙaramin yatsansa ya sauka a kan zoben. Ya taɓa. Shiru. Ya ƙara ɗan ƙarfi, hon ya yi kuka, yara suka yi ihu, matar nan ta rangaɗa guɗa. Baba bai yi dariya ba. Ya sake taɓawa a hankali kamar na farko. Shiru. Ya sa yatsa ta ƙasa ya bi kwarin, a hankali, tun daga sama ya zagayo. Ya wuce wajen haɗin. Ya tsaya. Ya dawo baya. Ya ƙwanƙwasa da farce ya kasa kunne.

Ya ce, "Saratu."

"Na'am Baba."

"Wannan ne wanda aka samo a Zuba?"

"Shi ne Baba."

Ya juyo fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Yarona, kana nan?"

"Ina nan Baba."

"Kai mai aiki ne. Kai ka faɗa mini."

Anti Saratu tana tsaye ta ɗaya ƙofar, idonta a kaina. Na kalli hannunsa a kan zoben. Ya riga ya sani, tambaya kawai yake yi. Na ce, "Ƙerawa muka yi, Baba. Na Zuba ya ƙone. Laifina ne."

Ya gyaɗa kai. Ya sauke hannayensa daga sitiyarin ya ɗora a cinya. Ya ce, "Ka iya aiki. Ya yi nauyi ne kawai." Sannan ya juya wajen 'yarsa. "Kwana tara kina ce mini ana wanke tsatsa."

"Baba don kar ranka ya ɓaci ne..."

"Fentin fa? Kin ce ruwan toka ne irin na da. Ruwan tokan ne?"

"Shi ne Baba, na rantse."

"Injin nawa ne a ciki?"

"Naka ne. Baba ga mutane, ka tambayi kowa."

"Su ma tafi suka yi." Ya shafa dashbod sau ɗaya da bayan hannu, ya janye. "Motan ma nawa ne, Saratu? Ko wani kuka sayo kuka ajiye a gindin mangwaro?"

Ta durƙusa a bakin ƙofar ta kama gwiwarsa tana cewa Baba, Baba. Ya cire hular ya miƙa, bai san wa yake miƙa wa ba, ni na karɓa. Ya ce, "Ku fitar da ni. Rana yana dukana."

Motarsa ce. Fentin ruwan toka ne, injin nasa ne, na ga lambar da idona. Duk abin da ta gaya masa shekara biyu gaskiya ne, ban da abu ɗayan nan da ni na jawo.

Sati bakwai ya ƙara a duniya. Ban je jana'izar ba, ban ga da wace fuska zan je ba. Bayan kwana goma ta turo min saƙo, "Zo ka cire abinka." Na je da rana. An rufe motar da tamfol, ganyen mangwaro ya taru a kai. Na ɗaga gefe ɗaya na shiga, sukuru uku ne, minti biyar bai kai ba. Na naɗe bakin wayoyin biyu da tef don kar su haɗu.

Da na fito tana zaune a kujerar robar nan ta baranda. Na ce, "Anti, Allah ya ji ƙan Baba. Ki yafe min."

Ta ce, "Amin." Sannan ta ce, "Bai ƙara tambayar motar ba. In na fara maganarta sai ya ce in kunna masa rediyo." Tana magana tana kallon tamfol ɗin, ba ni ba. "Shekara ashirin da biyu ina aikin nas, Shamsu. Tun da idonsa ya tafi, ni nake ba shi magani da hannuna. Amma daga ranar Lahadin nan, in na miƙa masa ƙwaya sai ya riƙe ta a tafin hannu, ya ce a kira masa matar maƙwabci ta karanta masa kwalin."

Ta tashi ta buɗe min get.